Inna Saude Ta Fara Kallon Koriya

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na jingine ku na tafi yawona, ku sassauta min don Allah, hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma da kika ce Inna Saude muguwar suruka ce, gyara zama ki karanta da kyau.

*

Kwana tara a jere ke nan Inna Saude tana shigowa ɗakin matar ɗanta kallon fim ɗin Koriya, kuma a kwana taran nan Naja'atu ba ta samu natsuwa ba.

Ina dalili! Matar da tun ranar da aka kawo Naja'atu gidan nan na Kaura Namoda take kiran talabijin akwatin shagala. Matar da ta taɓa tsayawa a tsakar gida ta ce gwamnati ta rufe silima saboda shari'a, su kuma yaran zamani sun kwaso silimar sun girke ta kusa da gadonsu. Ita ce yanzu da an sallame azahar, in dai akwai wuta, za ta tattaro zaninta ta zauna a tabarma, hancinta kamar zai taɓa gilashin.

Kuma ba labarin take bi ba. Wa ke son wa, wa ya ci amanar wa, ko a jikinta. Tambayoyinta daban ne.

"Wanga hwarin abu da ka zubowa daga sama, shina kashe mutum?"

"Dusar ƙanƙara ce, Inna. Sanyi ne kawai."

"Ya kai namu?"

"Namu ai wasa ne."

Can Inna ta sake nuna gilashin da baki.

"Mi suka ci haka da tsinke?"

"Shinkafa ce da ganye."

"Naman hwa? Wa ya yanka musu?"

"Wallahi ban sani ba, Inna."

"Tun da munka fara kallo ban ga masallaci ba. Ko ɗaya."

Naja'atu ta saci kallonta ta gefen ido. Da farko ta ɗauka tarko ne, tsohuwa ta zo tattara hujja ta kai wa ɗanta Yazid, a ce matarsa ta mai da ɗaki gidan kallo. Amma mai neman hujja ba ya tambayar sanyi. Akwai dai wani abu, kuma duk gidan an sani, ita kaɗai aka mayar bare.

Ga shi shi ma Yazid ɗin ya canza. Mutumin da ba ya barin shagonsa na gyaran rediyo da talabijin ko ciwon kai yake yi, sau uku yana zuwa Kano a wata biyu, wai sayen kayan gyara, ya dawo ko ƙusa ɗaya babu a hannunsa. Ranar kasuwa ya shigo da wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, ana tsakiyar damina, ya ce araha ya gani. Sannan ya tsiro da maganar goyon ciki. Kowa ya san mai cikin fari sai wata bakwai ko takwas take tafiya gidan iyayenta ta haihu a can. Ita nata cikin wata shida ne ko cika bai yi ba, amma ya kafe lallai yau Baffa Namadi, ƙanen babanta mai mota, zai zo bayan la'asar ya kai ta Zurmi. Akwatinta ma ga shi can a bayan ƙofa an ɗaure.

A talabijin wani saurayi ya ajiye jakarsa a gaban wata tsohuwa. Ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa. Tsohuwar ta riƙo fuskarsa da hannu biyu tana kiran sunansa tana kuka.

"Uwatai ce?" in ji Inna.

"Eh. Tafiya zai yi ƙasar waje."

"Shi ne babbanta?"

"Shi kaɗai gare ta ma."

"Kuma take kama mishi huska haka? Gaban mutane?"

Naja'atu ta buɗe baki za ta yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Hawaye ne ke bin kumatun Inna Saude, sharɓe-sharɓe, har suna ɗiga a kan zaninta. Inna fa! Matar da ranar da aka fita da gawar mijinta ma aka ce ba wanda ya ga hawayenta.

Naja'atu ta danna maɓalli hoton ya tsaya.

"Inna."

"Saki abinki mu gani."

"Ba zan saki ba. Inna, don girman Allah, me ake ɓoye min a gidan nan?"

"Tsinke ne ya hwaɗa min a ido."

"Kwana tara kina tambayata sanyin Koriya. Kina tambayata yankansu. Kina neman masallacinsu. Wa zai je can?"

Inna ta mai da idonta kan gilashin.

"Inna, wa zai je?"

Tsohuwa ta share fuska da bakin mayafi. Ta dubi ƙofa, ta dubi akwatin da ke bayan ƙofar, sannan ta sunkuyar da kai.

"Mai gidanki."

Haka take ce masa. Yazid ɗan farinta ne, kuma Inna Bafulatanar Ɗan Isa ce ta asali. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, in zai gaishe ta ma bango take kallo ta amsa. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, wadda ba ta da sassauci.

Naja'atu ta dafa gado.

"Yaushe?"

"Gobe da sahe za ya bar Kaura. Jirgi Laraba, can Ikko."

"Gobe? Gobe, Inna?"

"Shi ya sa anka matsa a kai ki Zurmi yau. Yac ce in kina nan ba ya iya hita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuwa yaushe?"

"Shekara uku, anka ce."

Shekara uku. Abin da ke cikinta zai zo duniya, a yi suna, ya yi zama, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, a yaye shi, ya iya cewa Baba, duk babu Baban. Ita kuma tana can Zurmi tana wankan jego za a aiko mata da labari kamar wata maƙwabciya. Ta rasa wa za ta fara jin haushi.

"Ke kuma kika yarda? Inna, ke ce fa uwarsa. Kalma ɗaya za ki faɗa ya zauna!"

"Ban yarda ba."

"To ya aka yi?"

"Ya aiko Jibrin, ƙanen ubanai, ya nemi izinina. Jibrin ya zamna gabana yac ce, Saude, ɗanki za shi Koriya aiki, mi kinka ce? Ɗiyata, mi zan ce? In buɗe baki gaban ƙanen mijina in ce ina son ɗana kusa da ni? In ce ban iya barci in ba shi garin? Sai nic ce, mi nawa a ciki, ku ne iyayenai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Jibrin ya koma yac ce mishi uwarka ta sa albarka."

"Kai, Inna! Kai, Inna!"

"Na ɗauka za ya gane. Duk wanda ya san ni ya san in nic ce mi nawa a ciki, to nawa ne duka. Ubanai da shina da rai da ya gane."

Tausayi da haushi suka haɗe wa Naja'atu wuri ɗaya. Ashe duk zaman nan da tsohuwa ke yi a gaban akwatin shagala, ƙasar da za ta haɗiye mata ɗa take leƙawa, tun da ba ta da bakin tambayarsa.

Inna ta sa hannu a cikin zaninta, ta kwance wani ƙulli a lalitarta. Ta ciro wani ɗan littafi kore ta ajiye a cinyar Naja'atu.

Fasfo.

"Inna! A ina kika samo?"

"Cikin wata matattar rediyo, ɗakinai na zaure. Na ga sa'ad da ya ɓoye. Tun da ya girma ban taɓa taka ɗakinai ba sai yau. Na yi sata, ɗiyata, da huruhuruta. Allah shi yahe min. Ni ban iya ce mishi kar ya tahi. Ke kina iyawa. Ki tahi da shi Zurmi, ki jehwa rijiya, ki ƙone, duk yadda kinka gani."

Naja'atu ta buɗe. Ga hoton Yazid, ya yi aski, ya ɗaure fuska kamar wanda za a yi wa allura. Ta juya shafi. Ga wata takarda an manna, da irin rubutun nan nasu mai da'ira-da'ira da sanduna, wanda take gani kullum a farkon kowane faifai.

Ku ji ikon Allah, a tsakiyar wannan tashin hankalin sai da zuciyarta ta yi wani tsalle. Koriya fa! Ta gaske, ba ta cikin gilashi ba. Titunan nan masu sheƙi, gidajen da ake cire takalmi a bakin ƙofa, yaran da ke rusuna wa manya kamar a nan gida. Shekara biyu tana kallon mutanen nan har ta haddace gaisuwarsu. Sau nawa ta ce wa Yazid cikin wasa, Injiniya, yaushe za ka kai ni in taɓa ƙanƙarar nan da hannuna?

Amma kuma ita ta san abin da Inna ba ta kai ga gani ba. A faifan nan dai ta ga yadda mai kuɗi ke marin yaronsa a gaban jama'a. Ta ga yadda ake tilasta wa ma'aikaci shan giya don kar shugabansa ya ji haushi. Ta ga masu kwana a ɗaki kamar akurki. Waɗannan 'yan ƙasa ne ma, masu jin yaren. To ina ga baƙo, baƙar fata, mai neman inda zai yi alwala?

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.

Inna ta zabura. Naja'atu ta ɗaga rigarta da sauri, ta cusa fasfon a ƙugunta, ta ja zani ta ɗaure tamau a kansa.

Sun ji shigar Yazid ɗakin zaure. Sun ji ana jan kaya. Wani abu ya faɗi ya fashe. Sai ga takunsa da sauri-sauri, ko sallamar kirki bai yi ba ya ɗaga labule.

Ganin uwarsa ya sa ya yi turus. Ya rusuna.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya," ta ce da bango. Ta tashi ta raɓa ta gefensa ta fita, amma ba ta yi nisa ba. Naja'atu na hango inuwarta a jikin labule.

"Naja, wa ya shiga ɗakina?"

"Sannu da zuwa, Injiniya."

"Tambayarki nake. Wa ya shiga?"

"Me ya ɓace?"

"Wata... wata takarda ce."

"Ta me?"

"Ta aiki."

"Wane irin aiki? Rasit ne na kayan gyaran da kake sayowa a Kano?"

Ya dube ta. Ta dube shi. Gumi na tsattsafo masa a goshi duk da hadarin da ya haɗu a waje.

"Wani ɗan littafi ne. Kore."

"Au, littafi ne kuma yanzu? Ɗazu takarda ce."

"Naja'atu, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Littafin me ye? Faɗi sunansa mana. Ko ba shi da suna?"

Idonsa ya sauka a kan talabijin, inda saurayin nan yake nan a daskare da goshinsa a ƙasa. Ya ja dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka.

"Wa ya gaya miki?"

"Wannan ne damuwarka? Wa ya gaya min?" Muryarta ta tashi ba ta shirya ba. "Shekara uku! Ka ɗaure min akwati da hannunka, kana ce min wai don in huta ne, wai hanyar Zurmi za ta lalace in ruwa ya yi yawa. Har ina ce wa ƙawayena mijina ya fi na kowa tausayi. Ashe kawar da ni kake yi daga hanya kamar kujera!"

"Na rubuta miki wasiƙa. Baffa Namadi zai ba ki in kun isa."

"Wasiƙa! Allah ya saka da alheri. Ita zan nuna wa ɗanka ranar suna?"

"Ki saurare ni."

"Ina ji."

"Shagon nan ya mutu, Naja. Kin sani ko ba ki sani ba? Da can kowa ya kawo gyara. Yanzu kaya sun yi arha, in na'ura ta lalace jefarwa ake a sayi sabuwa. Jiya tun safe har la'asar rediyo ɗaya aka kawo min, shi ma batir ne ya juye. Shekara goma sha biyu ina buɗe cikin kayan mutanen Koriyan nan, na san su kamar tafin hannuna. Yanzu an ce ga inda ake ƙera su, ana neman hannu. In zauna in yi me?"

"Wa ya ce? Ka ga masana'antar da idonka?"

"Wani Alhaji ne a Kano ke haɗa tafiyar. Ya tura mutane da yawa."

"Ka ga ɗaya da ya dawo?"

Ya kau da kai.

"Wa zai tarbe ka? A ina za ka kwana? In ba ka da lafiya wa zai ce maka sannu?"

"Allah na nan can ma."

"Allah na nan Kaura ma."

"Ke ce fa!" Ya nuna talabijin da yatsa. "Ke kika sa min ƙasar nan a rai. Kullum Koriya, Koriya, mutanen kirki, masu kunya irin tamu, masu girmama iyaye. Ba ke kika ce in kai ki ki taɓa ƙanƙara ba? In na zauna da gindina zan aiko miki. Wallahi zan aiko, ke da abin da kika haifa."

Maganar ta shige ta, ba ta so ba. Ta hango kanta a cikin irin doguwar rigar sanyin nan, da goyo, farin abu na sauka a tafin hannunta. Ta ji kunyar kanta da har yanzu abin ke burge ta.

"Kallo nake yi, Injiniya. Kallo. In ya ishe ni in kashe in tashi in ɗora tuwo. Kai wa zai kashe maka in ya ishe ka?"

"Ba zan iya fasawa ba."

"Saboda me?"

Ya rage murya, ya waiwayi labule.

"Na sai da gonar Baba ta Ɗan Isa."

Inuwar da ke jikin labule ta yi tangal-tangal, ta dafa bango. Ashe wannan ko Inna ba ta sani ba.

"Gonar gado?" Naja'atu ta dafe ƙirji. "Wadda muke cin gero daga cikinta?"

"Duk ta tafi a biza da kuɗin jirgi. In ban hau jirgin Laraba ba, ba gona, ba Koriya, ba komai. Kin gane yanzu? Littafin nan shi ne duk abin da na mallaka a duniya."

Fasfon ya yi mata nauyi a ƙugu. In ta riƙe, ta talauta mijinta da hannunta, kuma har abada zai riƙa kallonta da abin. In ta bayar, gobe war haka ya yi nisa, tsohuwar da ke bayan labule kuma wa ya san ko za ta kai shekara uku.

Daga waje aka danna ham sau biyu. Baffa Namadi ya iso.

Yazid ya dubi akwatinta. Ya durƙusa ya kwance igiyar, ya zazzage kayan a ƙasa, zannuwa da 'yan rigunan jarirai da ta ɗinka da hannunta. Ya ɗaga katifa. Ya leƙa cikin kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Babu.

Ya miƙe, idanunsa sun yi ja.

"Mutum biyu ne a gidan nan. Ke da Inna. Inna ko da wasa ba ta taɓa taka ɗakina ba." Ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da Alƙur'ani a cikin gafakarsa. "Kina da alwala?"

"Injiniya..."

"Kina da alwala?"

"Ina da ita."

"To dafa. Ki ce ba ki gan shi ba, ba ki san inda yake ba. In kin dafa na yarda, in je in nema a wani wuri."

Jikin Naja'atu ya yi sanyi. A dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, da ciki wata shida? Ko mahaukaciya ba za ta yi ba. Ta ga labule ya motsa, yatsun Inna sun riƙo gefensa. Tsohuwa na shirin shigowa ta tona wa kanta asiri, ta tsaya a gaban ɗan farinta ta ce ni ce ɓarauniyar. In hakan ta faru, Naja'atu ta sani, Inna ba za ta ƙara iya ɗaga ido a gidan nan ba.

"Mai da shi inda ka ɗauko," ta ce da ƙarfi, yadda na bayan labule zai ji. "Ba sai na dafa ba. Yana wurina."

Yatsun suka tsaya cak.

"Ke kika shiga ɗakina?"

"Na ce maka yana wurina. Me kuma kake nema?"

"Ba ni."

Ta dafa gado ta miƙe a hankali. Ta ɗage gefen rigarta, ta nuna masa ƙullin zanin da ya zagaye cikinta, inda kusurwar littafin ta turo.

"Ga shi nan, a kan ɗanka na ɗaure shi. Ni ba zan miƙa maka ba, ba kuma zan hana ka ba." Hawaye suka ɓalle mata. "In tafiyar za ka yi, zo ka kwance da hannunka."

Baffa Namadi ya sake danna ham.

Yazid ya mai da Alƙur'anin saman kabad. Ya juyo. Ya tako ɗaya, ya tako biyu.

Ya miƙo hannu.